Tankuna Shida a Bayan Katanga

Litinin, ƙarfe goma na safe

Lauyana ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta duk abin da ya faru, da rana da lokaci, tunda ba ni da wata takardar da zan nuna. To ga shi na saya. Ban san ko akwai alƙalin da zai iya karanta abin da ke bakina ba, amma shi ya jawo.

Kamfanin ruwan roba da Yaya yake wa manaja ya karye wata uku da suka wuce. Filin da kamfanin yake a kai na haya ne, shekara ashirin, saura goma sha ɗaya. Mai fili ya ce tunda kamfani ya mutu, haya ma ta mutu, a ba shi filinsa da duk abin da aka kafa a kai. Mutumin da babbar kotu ta naɗa ya tattara kayan kamfanin ya sayar, wanda ni Mai Wankan Gawa nake ce masa, ya ce sam, sauran shekarun hayar ma kaya ne, sayarwa zai yi. Kowa ya kawo kwaɗonsa ya garƙame a ƙofa. Ƙofa ɗaya, kwaɗo biyu.

Ni kuma tankunana shida suna can baya, jikin katanga, inda rarar ruwan kamfanin take fita. Iyayen tarwaɗa ne a ciki, shekara huɗu ina zaɓe ina reno. Su nake matse wa ƙwai in ƙyanƙyashe, in sayar wa masu kiwo 'ya'yan. Ba irin kifin da za a shiga kasuwa a sayo madadinsa ba ne. Da su nake ci, da su 'ya'yana suke zuwa makaranta.

Alƙalin kotun garinmu, Allah ya saka masa, ya ba da umarni a riƙa buɗe min awa ɗaya kullum da safe in sauya ruwa in ba da abinci. Direban mai fili ya zo da makulli ɗaya, sakatariyar Mai Wankan Gawa ta zo da ɗaya. Ba sa gaisawa. Ita tsayawa take da hankici a hanci tana duba agogo, sai ka ce ziyarar gidan yari na je.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ana wata ga wata. Mai Wankan Gawa ya shigar da takarda yana roƙon a ɗauke shari'ar hayar daga kotun garinmu a kai babbar kotun da ta naɗa shi, can wani gari, tafiyar awa biyar. Wai ita kaɗai ke da hurumin duk abin da ya shafi kamfanin da ya karye. Lauyan mai fili ya ce rigimar fili ce, inda fili yake nan ake yin ta.

Na tambayi lauyana, ni fa?

Ya ce, "Hajiya, sai mun gani."

Komai aka tambaye shi sai mun gani. Ina jin ko ranar aurensa haka ya ce wa waliyyin amarya.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Babbar tarwaɗar tanki na uku ta cika da ƙwai, cikinta ya yi laushi. Mako mai zuwa ya kamata in yi mata allurar da za ta sa ƙwan ya fito. Na daɗe ina kallonta har sakatariya ta yi gyaran murya.

Asabar, ƙarfe sha biyu na rana

Na kira Yaya sau uku bai ɗauka ba. Matarsa ta ce yana barci. Mutumin da ko a gidanmu bai taɓa kai ƙarfe shida a kan gado ba.

Lauya ya sake tambayata ko akwai wata 'yar takarda, ko da rubutun hannu ne, da ta nuna an ba ni wurin. Na ce babu. Ya ce me ya sa. Na ce masa ya tambayi wani abin.

Talata, ƙarfe biyu na rana

An zauna. Ɗakin kotu ya cika da warin takalmi da tsohuwar takarda, fanka ɗaya ce take juyawa, ita ma a kan alƙali. Lauyoyi biyu suka yi awa biyu suna jifan juna da sunayen tsofaffin shari'o'i. Ban ji kalmar kifi ko sau ɗaya ba. Daga ƙarshe alƙali ya cire tabarau ya ce ya gamsu, ba shi da hurumi, a tura fayil babbar kotu.

A waje na ga lauyana yana share gumi. Na ce to gobe ƙarfe nawa za a buɗe min?

Ya ce, "Nan ne gizo yake saƙar, Hajiya. Kotun da ta ce ba ta da hurumi, umarninta ma ya bi ruwa."

"To waccan ta ba da nata mana."

"Ba za ta saurare mu ba sai fayil ya isa hannunta."

"Yaushe zai isa?"

Ya buɗe baki, na ce in ka ce sai mun gani wallahi a nan zan zauna in yi ihu. Sai ya ce kwana uku, in ya yi yawa mako ɗaya.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Direba da sakatariya sun zo da makullan yau, saboda labari bai gama isa ofisoshinsu ba. Na san ita ce ta ƙarshe, don haka na yi abin da duk mai kiwo zai yi. Na zubar da ruwan tankunan kaf, na wanke, na cika su da sabo har baki, na ja raga a kai saboda tsuntsaye. Ban ba su ko ƙwaya ɗaya ba. Tarwaɗa tana iya mako uku ba ta ci ba, ramewa kawai za ta yi. Abin da yake kashe ta shi ne abinci a ruwan da ba a sauyawa. Ta ci ta yi kashi, ragowar ya ruɓe, ruwan ya zama guba.

Na kwashe buhunan abincin na kai gida don kada wani ya ji tausayi. Na ce wa Baba mai gadi, wanda shi ma yanzu a waje yake zama kan benci, "Baba, ko kuka ka ji suna yi, kada a ba su komai."

Ya ce, "Kifi yana kuka, 'yata?"

Na ce nawa suna yi.

Mako uku nake da shi. An ce fayil mako ɗaya ne. Lissafina ya fita.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na je duk da haka. Babu direba, babu sakatariya. Kwaɗo biyu suna ta sheƙi a rana.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Fayil bai tafi ba. Na je ofishin magatakarda na gan shi da idona, a ƙasa, jingine da ƙafar tebur, an ɗora masa kofin shayi. Wai sai an sa wa kowane shafi lamba da hannu, shafi ɗari huɗu da wani abu, sannan a huda a ɗinke da zare a buga hatimi. Na ce a ba ni biro in sa lambar, ai na yi makaranta. Matar da ke wurin ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke wace ce a shari'ar?"

Na fito ina jin kamar na taka kashi da ƙafa ba takalmi.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Fayil bai tafi ba. An gama lamba, zare ya ƙare.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na sayi zare na kai musu. Sun ce ba irinsa ba ne, nasu kore ne.

Daga can na zaga bayan kamfanin, ta lungun kwalbati, na kafa kunne a katanga. Tana da tsayi, ga waya mai ƙaya a sama, kuma lauya ya ce in na hau raina kotu ne. Wace kotun? Wadda ta ce ba ruwanta ko wadda ba ta san da ni ba? Na ji motsinsu, facal facal, da ƙarfi kuwa. Raina ya yi sanyi. Na ga 'yan ƙwayoyin abincin kifi a gindin katanga, na ce ko daga jakata suka zubo wancan makon.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Lauya ya samo kwafin jerin kayan kamfanin, wanda aka taɓa kai wa banki shekara biyu da suka wuce. Ya tura min shi kan tebur ya ce in duba shafi na tara.

Na duba. Na ga sa hannun da ke ƙasa. Na san hannun tun yana koya min rubuta sunana.

Ba zan rubuta abin da ke shafi na tara ba.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wajen Inna. Na tarar Yaya ya riga ni, ya tafi ta ƙofar baya da ya ji sallamata. Takalminsa ma ya bari, ya sa na wanka.

Na ce, "Inna, lauya ya ce hanya ɗaya ce ta rage. Yaya ya yi takardar rantsuwa cewa tankunan nan nawa ne, ba su taɓa zama na kamfani ba. Da ita Mai Wankan Gawa zai iya sakin makullinsa ba sai an jira kotu ba, mai fili kuma a lallaɓa shi."

Ta ce, "In ya rantse haka, waccan takardar da ya sa wa hannu fa?"

Ashe ta sani. Kowa ya sani, ni ce dai kifin rijiya.

Ta ce, "So kike a ɗaure min ɗa a kan kifi?"

"Inna, ni ma 'yarki ce."

"Ke ai mace ce mai haƙuri. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce ai ba yankewa na ce a yi ba, wankewa na ce. Ta juya fuska bango ta ce kanta yana ciwo. Na ɗauki jakata. Abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne, a bakin ƙofa sai da na tsaya na jera masa takalmin nan nasa da kyau, kamar yadda na saba.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

To bari in rubuta, tunda ba wanda zai karanta. A shafi na tara an sa, sashen kiwon kifi, tankuna shida, mallakar kamfani. Yaya ya haɗa da tankunana ne don jerin ya yi kauri a idon banki.

Bari in rubuta ɗayan ma, don kada in yi wa kaina ƙarya. Ranar da na fara zuba bulo a wurin nan, Yaya ya fito da takarda daga aljihu ya ce, "Zo mu rubuta cewa wurin nan aro na ba ki, kayan ciki naki ne." Ni da bakina na ce, "Haba Yaya, takarda tsakanina da kai? Sai ka ce bare?" Har fushi na yi. Ya yi dariya ya mayar aljihu. Na yi ta jin daɗin kaina ranar, wai ni mai zumunci.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Fayil ya tafi, in ji su. A motar wa, ba a sani ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na bi shi. Awa biyar zuwa, kujerar baya, kusa da wani mai amai a leda. Babbar kotu gini ne mai kyau, da sanyin na'ura da tayil mai santsi, har na ji kunyar takalmina. Magatakardarsu ya duba kwamfuta ya duba wani ƙaton littafi ya ce babu shari'a mai wannan lamba a wurinsu.

Na ce an ce an turo ranar Asabar.

Ya ce, "Wataƙila yana ɗakin karɓar saƙo. In ya fito za mu ba shi sabuwar lamba, sai a kai wa shugaban alƙalai ya zaɓi wanda zai zauna a kai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai masu rai a cikin maganar nan."

Ya ɗago da sauri. "Mutane aka kulle?"

"Kifi."

Sai ya yi dariya, ya kira na kusa da shi ya maimaita masa, suka yi tare. Ni ma na yi murmushi, don ina neman alfarma. Tun a mota nake goge bakina.

Kwana goma sha biyu. Saura tara a lissafina.

Talata, ƙarfe goma na safe

Akwai wari a lungun kwalbati. Na ce wa kaina kwalbatin ce.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Ba kwalbatin ba ce. Na san warin nan, duk mai kiwo ya san shi. Na kafa kunne na daɗe, motsi ɗaya na ji, shi ma a hankali. Ƙudaje kore sun yi layi a kan wayar katanga.

Bai kamata ba. Kwana goma sha huɗu ne kawai, ruwan sabo ne, cikinsu babu komai. Na yi ta juya lissafin a kaina har na iso bencin Baba. Na ce, "Baba, tsakaninka da Allah, wa ya ba su abinci?"

Ya yi ta gyara hula. Ya ce, "'Yata, an ce kada in faɗa."

"Wa?"

"Yayanki ne. Kullum da sassafe yake zuwa, tun washegarin da aka daina buɗewa. Ya faka mota a lungu, ya hau kan rufin, ya yi ta watsawa da kwano ta saman waya. Buhu guda yake ƙararwa a kwana biyu. Na ce masa kin hana, ya ce ke kunya ce ta sa kika faɗi haka, ba ki da kuɗin abincin ne. Ya ce ko ba komai ba za su mutu da yunwa a kansa ba."

Na zauna a ƙasa, a kan ƙura, da sabon zanena. Baba yana ta ba ni haƙuri yana miƙo min butar ruwa.

Shekara huɗu ina kiwo a bayan ofishinsa, tagarsa tana kallon tankunan. Bai taɓa fitowa ya tambaye ni yadda ake yi ba.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ya kira. Ban ɗauka ba. Na ce wa yara su ce ina barci.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Warin ya kai titi. Mai shagon ɗinki da mai kemis na layin sun kai ƙara ofishin tsabtar gari. An zo an manna takarda a ƙofa, tsakanin kwaɗon biyu, cewa in ba a kwashe ba cikin kwana biyu za a ci tarar mai wurin.

Yanzu sai a ga waye mai wurin.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Lauya ya kira ni da murna a murya, wai in zo maza. Na tarar da lauyan mai fili da Mai Wankan Gawa da kansa a ofishinsa, suna shan shayi, suna hira kan makarantar da 'ya'yansu suke. Mutanen da suka yi wata uku ba su yarda da juna ko a kan ranar mako ba.

Takarda ɗaya ce, rabin shafi. Ɓangarorin biyu sun amince cewa duk abin da ke cikin tankuna shida mallakata ne ni kaɗai, bai taɓa zama na kamfani ko na mai fili ba, kuma alhakin kwashe shi yana kaina. Dukansu sun sa hannu. Ba kotu, ba zare, ba hatimi.

Na ce, "Shafi na tara fa?"

Mai Wankan Gawa ya ce, "Ai Hajiya tankuna aka rubuta a can, ba a rubuta abin da ke ciki ba. Tankunan suna nan a shari'a."

Na ce, "Wannan rabin shafin, me ya hana a rubuta shi mako biyu da suka wuce?"

Lauyan mai fili ya ce a lokacin abin yana da daraja, ba wanda zai saki abu mai daraja alhali magana tana gaban kotu. Ya faɗa ne a natse, kamar yana koya min karatu. Ya ma tura min farantin biskit.

Na sa hannu. Yau dai na sami takarda.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Ƙarfe bakwai direba da sakatariya suka iso tare, a mota ɗaya. Suka buɗe, suka koma mota suka ɗaga gilashi.

Ba zan kwatanta tankunan ba. Abincin ya yi tudu a ƙasa ya kumbura, ruwan ya yi kauri ya yi baƙi, su kuma suna sama, ciki a waje. In ka sa shebur sai su rabu biyu. Na yi amai sau biyu a gindin tanki na ɗaya, daga nan cikina ya haƙura. Babu ko ɗaya mai rai. Na duba duk shidan.

Ina tanki na biyu na ji takun mutum. Yaya ne, da takalmin roba sabo fil, ko ledar farashin bai cire ba. Ya rame. Ya tsaya nesa yana kallon ruwan, yana kallon tudun abincin da ya watsa da hannunsa. Na ga lokacin da ya gane, don sai da ya dafa katanga.

Ana haka wayata ta yi ƙara. Lauya ne. Wai albishir, tun jiya fayil ya fito daga ɗakin saƙo, an ba shi lamba, an sa rana nan da wata biyu don babbar kotu ta fara duba ko ita ma tana da hurumi. Na ce masa na gode, na kashe.

Yaya ya matso. Ya ce, "Ƙanwata, wallahi cewa na yi yunwa suke ji."

Na daɗe ina shirya abin da zan gaya masa, tun ranar Laraba, kalma bayan kalma. Na dube shi, babban mutum, furfura a gemu, ƙuda yana sauka a goshinsa bai ko kora ba. Sai na miƙa masa buhu.

Na ce, "Buɗe bakin da kyau, Yaya. Kada ya zuba a ƙafarka."

Ya riƙe, ina zubawa. Har azahar muna kwashewa.

Na yi wanka sau uku. Biron nan ma ƙarni yake.